Yadda Baffanku Mamman Ya Rasa Ƙafarsa

Ranar sadakar bakwai ta Baffanku Mamman, wani dattijo da ya zo ta'aziyya daga Warra ya riƙe hannuna a ƙofar gida, jama'a na ji, ya ce Allah ya saka mini da alheri, wai ba don ni ba da tuni Mamman ya ruɓe a ramin zinariya. Na ce amin, kamar yadda na saba. Kai Nasiru kana gefena, na ga yadda ka ɗaga kai kana jin daɗin ana yabon ubanka. Da na shiga gida aka kawo mini abinci na kasa ci. Wannan amin ita ce ƙaryar da ta fi kowace daɗewa a bakina, kuma ba na son in tafi kabari da ita. Abin da aka gaya muku tun kuna ƙanana shi ne Baffanku ya faɗa tsohon rami garin haukan neman zinariya, ni kuma na kutsa daji da mota na ciro shi. Daji kam na kutsa. Sauran labarin ba haka yake ba.

Sai na fara muku da wurin. Can cikin dajin da ke bayan Ngaski, inda duwatsu suka fara, akwai inda mutanenmu ke kira Tsohon Kamfani. Turawa ne suka haƙi zinariya a wurin zamanin da, kakanku yana cikin leburorinsu. Inna, kakarku, tana amarya ya kai ta can, tana tuƙa tuwo tana sayar wa masu haƙa, kuma a can ta haifi Mamman. Da Turawan suka kwashe kayansu, kakanku ya dawo bakin kogi ya kama noman albasa, a nan aka haife ni, ni ne auta. Bayan rasuwarsa Mamman ya gaji gonar, kuma duk yankinmu ba wanda ya kai shi iya albasa. Sai ruwan dam ya zo ya shanye garinmu da gonar gaba ɗaya. Aka ba shi wani fili a tudu, tsakuwa zalla, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Daga nan Mamman ya sauya. Ya fara zancen cewa Turawa ba su kwashe zinariyar duka ba, babanmu ya gaya masa. A kasuwa aka laƙaba masa Mamman Zinariya. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, na koyi tuƙi, ina da lasin, ina sa wando kaki da agogo, ina yi wa wani Alhaji mai fataucin albasa da busasshen kifi tuƙi a Yelwa. In na hango yayana a kasuwa sai in sauya layi. Ku rubuta wannan ma a kaina.

Shekarar da abin ya faru muna cikin Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba, innarku kuma tana da cikin Sa'adatu. Da bazara, zafi na dukan mutum har cikin ɗaki, Mamman ya ɗauki diga da shebur da kwaryar wankin ƙasa da ɗan gari da ƙuli-ƙuli, ya ce wa matarsa Juma'a biyu zai yi. Juma'a huɗu ta wuce. Sai wata Bafulatana mai tallar nono ta ba da labari a kasuwa cewa mijinta ya ga wani mutum a Tsohon Kamfani kwance a gindin bango, lulluɓe da bargo da tsakar rana, yana rawar sanyi. Washegari ina dawowa daga masallaci na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakina da mayafinta da ƙullin magani a hannu.

"Auta, ka roƙi maigidanka motag ga tashi ta daji. Mu tahi mu ɗauko yayanka."

Kun san Inna ba ta taɓa faɗin sunan Mamman ba, ɗan fari ne. Yayanka take cewa, ko wancan.

Na ce, "Inna, mu ni da wa?"

"Ni da kai. Ka san wurin?"

"Direba ai ba ya ɓata."

"Wanga wuri ba ya da hanya, Auta. Ni na san shi, can niy yi amarci."

Ban so ba, amma ba a yi wa Inna musu sau biyu. Alhaji ya ba ni makulli ba tare da dogon zance ba, ya dai ce in maido masa da ita yadda na ɗauke ta, jibi za ta kai kifi. Tsohuwar jif ce tun ta kafin a canja hannun tuƙi a ƙasar nan, sitiyarinta a dama, bayanta rufe da tamfol, tana da giyar taimako wadda in ka sa ta ƙafafun huɗu duka ke ja. Na ɗaura jarkar ruwa biyu da shebur da famfon taya. Inna ta hau gefen hagu ta riƙe ƙarfen gabanta da hannu biyu tun kafin in tayar da inji.

Mun bar kwalta hantsi bai ɗaga ba, muka bi jar hanya, jar hanya ta koma turbar jakuna, turbar jakuna ta koma burtalin shanu. Daga nan sai abin da ido ya zaɓa. Wanda bai yi tuƙin daji ba yana ɗauka ƙarfin mota ne, alhali rabinsa kallo ne: ka karanci launin ƙasa, ka san inda kututture ya ɓuya a ciyawa, ka ɗora taya bisa dutse maimakon ka bar shi ya daki cikin mota. Na iya wannan, kuma na san na iya, abin da ya cuce ni ke nan. Inna kuwa bakinta bai huta ba. Kowane gargada sai ta yi salati. Kowace kuka muka wuce tana da labari, nan suka taɓa yada zango, nan jakin kakanku ya kwanta ya ƙi tashi. Tun ina amsawa har na koma ƙwafa. Da muka iso wani busasshen rafi mai faɗi, yashi fari fat, na sauka na rage iskar tayoyi, na sa giyar taimako, na shiga da ƙarfina. A yashi ba a sassauta ƙafa. Muna tsakiya motar ta yi wani lilo, Inna ta ƙwalla ƙara ta cafki hannuna, na ɗaga ƙafa daga totur, shi ke nan muka nutse har gindi.

Na fi awa guda ina haƙa a ƙarƙashin motar nan, yashi na ƙona mini gwiwa, ina saro rassa ina shimfiɗawa. Ko da muka haye, rigata ta jiƙe sharkaf, idona ya rufe da fushi. Muna fara tafiya Inna ta gyara zama ta ce:

"To Auta, saurara. In munka kai ga hwararen duwatsu..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Abin da na faɗa har yau in na tuna sai na ji kamar in tsine wa harshena.

"Inna, don girman Allah ki bar ni in yi aikina. Tuwo kika sayar a dajin nan, ba tuƙi kika yi ba."

Ta dube ni sau ɗaya, ta ja mayafinta ta rufe fuska gaba ɗaya, ta fito da carbi. Ni kuma wai har na ji sanyi a raina, na samu shiru.

Gab da azahar ƙasar ta sauya. Itatuwa suka janye, ciyawa ta ƙare, muka fito wani fili ƙeƙasasshe, ja da toka-toka, zafi na tashi daga ƙasa har abin da ke nesa yana rawa. Ba sawun shanu, ba kashinsu. Wannan ya kamata ya tsayar da ni, domin duk dajin da muka ratso ba inda Fulani ba su taka ba, sai nan. Ko tsuntsu ban ji ba. Can gaba na hango tsibin ƙasa kamar manyan kaburbura, da wata tukunyar ƙarfe mai girman ɗaki ta yi tsatsa ta kwanta a gefe, da bangayen dutse marasa rufi. Na so in ce Inna ta buɗe fuska ta duba, girman kai ya hana ni. Sai na ga fararen duwatsu. An tara su ƙananan tsibi-tsibi, ɗaya bayan ɗaya, a jere, sun miƙe sak zuwa bangayen nan. Nan take hankalina ya kwanta. Na yi tuƙi a barikoki da gidajen saukar baƙi na gwamnati, ko'ina da fararen duwatsu ake yi wa hanya iyaka. Na ce a raina, Bature ko a daji sai ya ja layi. Na karya sitiyari na ɗora motar a kan layin.

Ga abin da ban sani ba, wanda kowace mai tallar nono a dajin nan ta sani. Zinariya tana bin jijiyar farin dutse ne a ƙarƙashin ƙasa, jijiyar kuwa a miƙe take tafiya, don haka rijiyoyin haƙa a jere ake yin su. Da za a tashi, leburori irin su kakanku suka ji tausayin dabbobin mutane, suka shimfiɗa itacen ƙirya a bakin kowace rijiya, suka rufe da zana da ƙasa, sannan suka tara farin dutsen da suka fasa a gefe don kowa ya gani ya kauce. Shekaru sun bi ta kai, ƙasar ta daidaita, itacen kuma gara da damina sun ci rabonsu. Abin da na ɗauka hanya, murafen rijiyoyi ne.

Ƙarar tayoyi ce ta fara sauyawa. Maimakon ƙaras-ƙaras na tsakuwa sai na ji dum, kamar an hau gadar katako. Muka wuce. Ƙaras-ƙaras, sai kuma dum. Inna, da fuskarta a rufe, kunnenta ya gane abin da idona a buɗe bai gane ba. Ta fizge mayafin.

"Tsaya! Auta, bisa rijiyoyi kake!"

Na taka birki da duk ƙarfina, nauyin motar ya tafi gaba, na ji wani abu ya karye a ƙarƙashinmu. Ƙafar gaba ta gefen Inna ta shige ƙasa. Motar ta karkata, ta ƙara karkata, ta tsaya. Inji ya mutu.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun nan ba. Inna ta zame ta jingina da ƙofarta, ƙofar kuma tana kan rami. Ta tagarta ba ƙasa nake gani ba, baƙi nake gani. Wata iska mai sanyi da warin tsohon ruwa tana busowa daga ciki, a tsakiyar wannan zafi. Ƙasa na zubowa daga bakin ramin, sai na ja numfashi na sauke kafin in ji ta taɓa ruwa can ƙasa. Carbin Inna ya suɓuce ta taga, shi ko ƙararsa ban ji ba. Ni ina sama, na maƙale da sitiyari, na leƙa ta gefena na ga ƙafar baya ta dama a sama take, tana juyawa a hankali ita kaɗai. A nan na gane nauyin jikina ne kawai ya hana motar kifawa da uwata. Na kai hannu zan danna ham.

"Bari," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kak ka taɓa komi. Kira shi da baki."

Na ƙwala kira, "Yaya! Yaya Mamman!" Bangayen suka maido mini da kiran. Duk lokacin da na ja numfashi sai in ji kamar motar ta ƙara sunkuyawa. Na yi kalmar shahada ban san sau nawa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba mutuwata kaɗai nake tsoro ba, ina tsoron a ce ni na kai Inna rami da hannuna, maganar ƙarshe da na yi mata kuma ita ce ta tuwo.

Sai ga shi ya fito daga bayan bango. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, bargo a kafaɗa, ba takalmi. Bai nufo mu kai tsaye ba, ya riƙa kewaye-kewaye yana kauce wa kowane tsibin farin dutse, yana tangaɗi don zazzaɓi. Da ya iso ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

"Inna, sannu. Bello, ka ji ni da kyau. Kai ka riƙe da motag ga. Kak ka motsa sai na ce."

"To, Yaya."

Mutumin da ya yi kwanaki bai ci abin kirki ba, shi ya riƙa ɗauko duwatsu yana lodawa a kusurwar baya ta gefena, har ƙafar da ke sama ta kusa taɓa ƙasa. Sannan ya tafi ya jawo wani dogon ƙarfe, irin na layin da ake tura kurar ƙasa a kai zamanin Turawa. Ina kallonsa ta madubi, ya ja taku biyar ya faɗi, ya tashi ya ƙara ja. Ya ajiye shi a bakin ramin. Ya koma baya ya yanke igiyar tamfol, ya miƙo hannu ta bayan kujera.

"Inna, juyo sannu-sannu. Ɗora gwiwa bisa kujera. Kak ki dubi taga, ni za ki duba."

Tsohuwa ce, ga ciwon gwiwa. Kowane motsi ta yi motar sai ta yi ƙara, ƙasa ta zube. Na runtse ido, na ji zanenta na gogar kafaɗata, na ji numfashinta a kunnena, na ji Mamman na cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Da na buɗe ido kujerarta ba kowa. Na hango ta a madubi zaune a ƙasa can nesa, ta dafe kai.

Mamman ya zagayo ya tsaya inda zan ga fuskarsa.

"Saura kai. Bakin ramin na ci, ƙahwar baya ma ta kusa tahiya. Za ni tura ƙarhen ga ta ƙarƙashinta shi kama wancan gehe, shi tare ta. Ina nan ƙasa, Bello. In ka hita ban gama ba, kaina za ta taho. Ka ji?"

"Na ji, Yaya."

"Hwaɗi in ji."

"Ba zan fita ba sai ka ce."

Ina so ku lura da wannan, don kada wani cikinku ya nema mini uzuri. Na ji, na fahimta, na maimaita da bakina. Ya zauna a bakin ramin, ya sa ƙafafunsa yana tura ƙarfen ƙarƙashin motar. Ina jin ƙarfe na gogar ƙarfe, ina jin nishinsa. Sai wani itacen da ya rage ya karye a ƙasa, ƙara kamar harbin bindiga, motar ta zabura ta sunkuya kamar tsawon tafin hannu. Abin da na sani bayan wannan shi ne ina kwance a ƙasa, tsakuwa a bakina, ƙofata a buɗe tana lilo. Ba wanda ya tura ni, ba faɗowa na yi ba. Tsalle na yi.

Motar ta sauka da dukkan nauyinta. Allah ya sa bakin ƙarfen ya riga ya kama wancan gefe, shi ya hana ta wucewa ciki. Amma ƙarfen ya danne ƙafar Mamman ta hagu a jikin dutsen bakin ramin. Bai yi ihu ba, wani irin sauti ya yi kamar an shaƙe rago. Inna ce ta yi ihun.

"Mamman! Mamman!"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar, ban kuma ƙara ji ba.

Ina nan kwance kamar gawa sai da ta zo ta finciki wuyan rigata ta ce in tashi in ɗauko abin ɗaga mota. Jak ɗin yana bayan kujera, dole na sake hawa motar da na gudo daga cikinta. Na kafa shi a kan wani faffaɗan dutse, ina juyawa hannuna na zamewa, har ƙarfen ya ɗan saki. Inna ta kama shi ta hammata ta ja. Ba zan gaya muku yadda ƙafar take ba. Ta yage mayafinta ta ɗaure sama da gwiwa, ta tura masa ƙullin maganin zazzaɓin da ta kawo a baki don ya ciza. Daga nan na je na jawo wani ƙarfen irin na farko ni kaɗai, na cusa duwatsu ƙarƙashin tayar da ta shige, na sake shiga na zauna a kujerar nan, na sa giyar taimako na yi ribas. Ta fito. Muka kwantar da Mamman a baya bisa bargonsa. Inna ta ƙi shiga. Ta tsinci wani kara, ta wuce gaban motar, kanta ba mayafi cikin wannan rana, tana tafiya tana bubbuga ƙasa tana saurare. Inda ta taka nan na ɗora taya. Haka mai tuwo ta fitar da direba daga filin nan, taku bayan taku, ban ɗaga idona daga dugaduganta ba.

Sai da muka haye rafin yashi Mamman ya yi magana. Na ɗauka suma ya yi. Inna ta shiga baya tun da muka bar filin, tana riƙe da kansa a cinyarta.

"Bello. In an tambaya, rami nih hwaɗa. Ciki kunka iske ni."

"Yaya, ai ni ne..."

"Rufa min baki. Alhaji in ya ji, ya karɓe makulli. Wa ka ba direban da yah hau rijiya da uwatai mota? Matarka ciki gare ta. Ni an riga an ce mahaukaci na, su ƙara da wanga."

Inna ta ce, "Ni ba ni ƙarya."

"Ba ki yi, Inna. Shiru kawai za ki yi."

Ni da ya kamata in ce a'a, ban ce ba. Na riƙe sitiyari ina kallon gaba, kuma a ƙasan zuciyata, Allah ya gani, na ji sauƙi. Mun iso asibiti a Yelwa rana na shirin faɗuwa. Kwana biyu bayan nan aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Lotsewar da ke jikin motar na ce wa Alhaji kututture ne. Ya yarda, har ya ɗinka mini riga, yana nuna ni ga abokansa yana cewa ga direban da ya shiga inda ko Fulani ba sa shiga ya ciro ɗan'uwansa.

Sauran kun gan shi da idonku, ma'anarsa ce ba ku sani ba. Kun ga Baffanku a gindin mangwaron bakin ruwa yana ɗinkin buhunan albasar wasu, mutumin da albasarsa ake fara tambaya a kasuwa. Kun ji ana tsokanarsa, Mamman Zinariya, ina rabonmu, ko ƙafar ce ka bari jingina? Yana dariya yana ɗaga musu sandarsa. 'Ya'yansa sun tashi da kunyar uban da ya jefa kansa rami don kwaɗayi, ku kun tashi da alfaharin uban da ya ciro shi. Hatsin da nake kai masa duk kaka kuna ɗauka zumunci ne, kunya ce ke ɗauke da buhun. Kun kuma sha yi wa Inna dariya wai tana tsoron mota, in za ta Warra sai ta bi kwale-kwale. Ku tuna da kyau, tana shiga motar haya, tana shiga ta kowa. Tawa ce ba ta ƙara shiga ba har ta koma ga Allah. Na nemi gafararta kan maganar tuwo, ta ce ta yafe tun a rafi. Ɗaya maganar ba ta taɓa bari na tayar ba. Ni kuma har na ajiye tuƙi, in na hau gadar katako na ji dum ɗin nan, sai tafin hannuna ya jiƙe.

Sau uku ina zuwa wa Mamman da cewa zan faɗi gaskiya. Na ƙarshe a ciwon nan nasa ne, ina zaune bakin gadonsa. Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Bari in mutu tukun. In ka hwaɗi yanzu tausayina za su fara ji, ni ko na saba da dariyassu."

To, ya mutu. Nasiru, kai ne babba a maza. Ranar Juma'a ka tara 'ya'yan Baffanku da ƙannenka a zaurena, ka karanta musu wannan da ƙarfi, ina zaune. Kada ka tsallake ko layi ɗaya, kada kuma ka sassauta murya in ka zo wurin tsallen. Duk wanda ya ƙara cewa Mamman Zinariya a gabanku, ku gaya masa da wace ƙafa aka sayi ran kakarku da na ubanku.

Saura abu ɗaya. Tun kuna yara kuke tambayata me ya sa Baffa ke kirana Kwaɗo, ina ce muku sunan wasa ne na ƙuruciya. Ba na ƙuruciya ba ne. Ranar da ya farfaɗo bayan an yanke ƙafar, na shiga na tsaya daga bakin ƙofa na kasa ƙarasawa. Ya dubi inda ƙafar take da, ya dube ni, ya yafito ni da hannu. Da na sunkuya ya raɗa mini a kunne:

"Bello, ashe haka ka iya tsalle? Ko kwaɗo albarka."

Wannan ne kaɗai hukuncin da ya taɓa yi mini. Ya kira ni da shi a gaban mutane, a gaban surukaina, a gabanku, kowa na dariya, mu biyu kaɗai muka san abin da ake faɗa, kuma kullum ina amsawa. Jama'a na ce mini Malam Bello, wasu Alhaji, wasu Baba Direba. Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana da sunana na gaskiya, kuma kwana goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya kira ni.